A Ba Zulaihatu Ranar Ramuwa

Da sunan Allah, wanda ke riƙe ruwan sama in Ya ga dama, Ya sauko da shi in Ya ga dama, babu mai tambayar Shi dalili. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayenshi da sahabbanshi baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Yari, babban baƙonmu kuma ɗan ƙasarmu, Dakta Halliru, malami a jami'a, wanda ya sha doguwar hanya don ya zauna da mu, iyayenmu hakimai da masu garuruwa, malamanmu limamai, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, ɗalibai 'yan ƙasar Sabon Birni da Isa, waɗanda wanga taro na shekara naku ne, da sauran jama'a, har da waɗanda sunka zo don sun ji an ce za a raba fura: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Na'Allah, daga Unguwar Lalle. Na ga mutanen garinmu sun fara dafe huluna, wasu suna laluben takalmansu. Ku kwantar da hankali. Gaskiya ne ni na sa wa jakin mai gari hula ranar kasuwa, gaskiya ne kuma ni na ɗaure takalman ladan wuri guda har ya fita masallaci da tsalle. Amma yau na bar wannan hali a gida, ko in ce na bar rabinshi.

Shugaba, in ka duba takardar da ke hannunka za ka ga ba sunana ne a wurin ba. Sunan Abu ne, shugaban matasan manoma. Jiya na gaya mishi an ɗaga taro sai mako mai zuwa. Yanzu haka shina gona shina hardace jawabinshi, shina karanta wa karan gero. Ina roƙon gafararshi, ina roƙon taku. Na yi haka ne don na san in na nemi lasifika da sunana ba za a ba ni ba, kuma maganar da ke bakina ba ta iya jiran mako mai zuwa. Ranar Alhamis ɗin nan ƙofarta za ta rufe.

Ina godiya ga shugaba da bai sa an janye ni ba. Ina godiya ga ɗalibai da sunka haɗa mu a shekara irin wagga, shekarar da kowa hankalinshi na sama yana neman hadari. Godiya ta musamman kuma ga Dakta Halliru. Da ya iso na sa an miƙa mishi wani ƙunshi a cikin tsumma fari, na ga ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ɗa na gari ke yi, ya aje gabanshi. Dakta, don Allah kada ka kwance tukuna. Kuma kada ka sa rai, ba kilishi ba ne.

Ni ban yi boko ba. Karatuna na allo ne, shi ma malam na nan zaune, za shi shaida ba ni ne na ɗaya ba. Ban taɓa taka ƙofar jami'a ba. Amma na zo in yi magana a kan ɗalibin jami'a da lalura ta riƙe wa ƙafa, karatu ya wuce shi, gwaji ya wuce shi, ba don wasa ba, ba don lalaci ba, sai don abin da ya fi ƙarfinshi. Kuma da yake ni ba na iya magana a kan mutanen da ban sani ba, za ni yi magana a kan wadda na sani.

Zulaihatu ɗiyar kawuna Maliki ce, ƙanen mahaifiyata. Taubashiyata ce ke nan, don haka tsokanarta halak ce gare ni tun muna rarrafe. Mahaifiyarta ta rasu ta bar ta da ƙanne biyu mata, Bilki da Laraba. Ita ce mace ta farko daga unguwarmu da ta shiga jami'a, yanzu tana shekara ta uku. Kun san abin da take karantawa? Ilimin ƙasa da duwatsu, da yadda ake gane inda ruwa ke kwance ƙarƙashin ƙasa kafin a sa diga. Ni nakan ce mata Malama Mai Sansanar Ƙasa. In ta zo hutu sai ta riƙa tsintar tsakuwa tana dubawa, ni kuma in zuba mata tsakuwa a cikin jaka, in ce ga guzuri.

Bana shekara ta biyu ke nan da ruwa ke yi mana rowa, ba sai na gaya muku ba. Kun ga gulbi ya zama hanyar ƙafa. Kun ga shanu suna lasar gindin randa. Rijiyar unguwarmu, wadda kakanninmu sunka gina, ta koma in an zura guga sai ya fito da laka. Sai dattawa sunka yanke shawarar a yashe ta a ƙara mata zurfi. Kawu Maliki ne gwanin shiga rijiya a wajenmu, shi ya ɗaura igiya ya sauka. Ranar wata Talata da hantsi, muna sama muna jan ƙasa, sai gefen rijiyar ya rufta. Allah Ya yi da sauran kwana, munka fito da shi da rai, amma ƙafarshi ta dama ta karye wuri biyu.

To, a nan ne munka yi abin da yanzu aka ce kuskure ne, kuma ni na fi kowa ɗaga murya a kan a yi shi. Ba mu kai shi asibiti ba. Asibiti na da nisa, kuma kun san halin da hanya ke ciki a shekarun nan, ba kowace rana ake binta ba. Munka sa shi a amalanke munka kai shi wurin maɗori a Gatawa, kamar yadda aka kai ubana, kamar yadda aka kai kakana, kamar yadda na tabbata an kai rabin mutanen da ke zaune nan. Wanda aka taɓa yi wa ɗori a wurin nan ya ɗaga hannu. Kun gani? Har liman. Maɗori ya ja ƙafa, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure, ya ce kwana arba'in kada ya taka ƙasa. Ya yi addu'a, ya sallame mu. Bai ba mu takarda ba. Maɗori ba shi da takarda, ba shi da hatimi, hannunshi ne kawai da baiwar da Allah Ya yi mishi.

Ni na kira Zulaihatu a waya. Na ce, "Zule, rijiya ta rufta da Kawu." Ta ce, "Na'Allah, bara ka ce min akuyata ta haifi 'yan biyar. Ina da gwaji jibi, ka ƙyale ni." Sai da na miƙa wa Bilki wayar ta ji kukanta. Washegari kafin azahar ta iso.

Jama'a, ku auna da kanku. Uba na kwance, ba ya ko juyawa sai an juya shi. Rijiya ta rufta, ruwa sai an tafi fadama, tafiyar da in ka fita da safe sai rana ta take kake dawowa. Yara biyu ƙanana. Ni ina zuwa in ɗaga shi in kwantar, in kai jaki ɗebo ruwa, amma ni ma ina da tsohon uba da gonarshi. Ana cikin haka sai Allah Ya sauko da ruwa guda ɗaya mai kyau. Kun san dokar wannan ruwan: kwana biyu, uku in an yi sa'a, ƙasa ta bushe. Wanda bai shuka ba a cikinsu ya shuka yunwa. Na ga Zulaihatu da idona, ɗalibar jami'a, ta ɗaura zane ta ɗauki sungumi tana sara, Bilki na bin ta da iri, Laraba na rufewa da diddige. Na ce mata, "Malama, ashe kin iya wani abu ban da sansanar ƙasa." Ko kallona ba ta yi ba. Ranar ce ya kamata a ce tana cikin mota tare da 'yan ajinsu, an tafi da su daji koyon aikin auna ƙasa, aikin da sau ɗaya ake yin shi a shekara.

Makonni shida ta yi. Da Kawu ya fara dogara sanda ta koma. Ta tarar gwaji biyu sun wuce, aikin daji ya wuce. Ta rubuta takardar uzuri ta faɗi duk abin da na faɗa muku. Aka dawo mata da ita, ba da wulaƙanci ba, da ladabi, aka ce ta haɗo da shaida. Ta yi min bayanin dokar har na hardace ta kamar karatu: rashin lafiyar ɗalibi ko ta mahaifinshi uzuri ne karɓaɓɓe, amma sai da shaida, kuma sai shaidar ta shiga hannun ɗaya daga cikin malaman kwamitin uzuri kafin ranar zamansu. Shaidar da aka saba gani kuwa ita ce takardar asibiti. In babu, sifili uku za a rubuta mata, sifili uku kuma za su jawo ta ƙasa da layin da ake sallamar ɗalibi. Kwamitin za shi zauna ranar Alhamis.

Yanzu za ni tona wa kaina asiri. Da na ji haka na ce mata, "Zule, wannan ai ƙaramin abu ne. Na san inda ake samun takarda mai hatimi biyu, wadda ko likita ya gani sai ya yi zaton shi ya rubuta. Ki ce wace cuta kike so a sa wa Kawu." Ta dube ni, ta ce, "Na'Allah, ka san aikin da nike koyo? Wata rana gari guda za su taru su ce in nuna musu inda za su haƙa. In na fara da takardar ƙarya, ranar nan ma za ni nuna musu wurin ƙarya, su haƙa gaba ashirin su tarar da dutse. Ka bar ni da gaskiyata." Na ce, "To in gaskiyar taki ta koro ki fa?" Ta ce, "Sai in zo mu riƙa sa wa jaki hula tare."



Saboda haka, ya ku malamanmu na jami'a, ta bakin Dakta Halliru, ga abin da nike roƙo, a madadin Zulaihatu da duk ɗalibin da ke cikin hali irin nata.

Na farko, a karɓi shaidar mutane a inda babu shaidar takarda. Ban ce a zubar da takarda ba. Wanda ke kusa da asibiti ya kawo ta. Amma mu nan akwai lalurorin da ba su da ofishi. Wane ofishi ke ba da takardar ruftawar rijiya? Wane likita ke sa hannu a kan cewa hanya ta rufe mako biyu? Na ji labarin wani ɗalibi daga ƙasar Isa da ya kwana goma sha ɗaya da jaka a ɗaure, babu motar da ta yarda ta fito. Wa za shi rubuta mishi? Wane hatimi ake buga wa ruwa guda da ya sauka a shekarar fari? Muna da mai gari, muna da liman, muna da maɗori. Da shaidarsu ake ɗaura aure, da shaidarsu ake raba gado, da shaidar mutum irinsu ake ɗaukar azumi a sauke. In ta isa ga waɗannan, ina ganin ta isa ga gwaji biyu.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci: in an buɗe wagga ƙofa maƙaryata za su shigo. Ku tambaye ni, sana'ata ce. Ƙaryar takarda ta fi ƙaryar gari sauƙi nesa ba kusa ba. Takarda mutum ɗaya ke yin ta cikin ɗaki. Amma ka je Unguwar Lalle ka ce a haɗa baki a ce wane ya karye alhali bai karye ba, kafin ka kai bakin kasuwa tsofaffi uku sun tona ka. Yadda abin yake yanzu, wanda ya yarda ya sayi takarda shi ke wucewa, wadda ta ƙi ita ke tsayawa a ƙofa. Ba na zaton don haka aka kafa dokar.

Na biyu, a sa ranar ramuwa. Ni abin da na sani kaɗan ne, amma na san wannan: wanda rashin lafiya ko tafiya ta hana shi azumi, ba a ce mishi ya fita daga musulunci, ba a kuma ce mishi an yafe shi ke nan. Ana ce mishi ya rama. Allah da Ya halicce mu Ya san ƙafa na karyewa, Ya san hanya na tsawo, sai Ya aje mana ƙofar ramuwa. Ba kyauta ba ce, yunwar guda ce, ƙishirwar guda ce, ranar ce kawai ta sauya.

Haka ma a makarantarmu ta allo. Shekarar da na bi 'yan uwana cin rani na yi wata huɗu ban leƙa ba. Da na dawo, ina raɓe-raɓe, malam ya miƙa hannu bayan ƙofa ya zaro allona. Rubutun da na bari na nan, tawada ta dushe amma ba a wanke ba. Ya ce, "Nan ka tsaya. Biya." Na kasa. Na sha bulala uku, ina jin su har yau in hadari ya haɗu. Amma bai ce lokacin wannan karatu ya wuce ba, bai ce sai baɗi ba, bai ce in tafi ba. A wajenmu ba a wanke allo don kwanaki sun cika, sai don karatu ya zauna. Na san jami'a ba zaure ba ce, ɗalibanku dubbai ne, kuna da tsari da lokaci, kuma ba za ni koya muku aikinku ba. Rana ɗaya nike roƙo a ƙarshen kowane zango, wadda mai uzuri na gaskiya za shi zauna a ɗora mishi tambayoyi. Ku tsananta su in kun so. Aikin daji kuma in ba a iya maimaita shi bana, a bar mata gurbinshi a buɗe ta bi 'yan baya, kada a cike gurbin da sifili.

Na uku gajere ne, kuma namu ne, ba na jami'a ba. Ɗalibai, in lalura ta taso ku sanar da malamanku tun ranar farko, ko da ta waya ce. Zulaihatu ta fito da kuka ba ta gaya wa kowa ba sai ƙawarta, wannan kuskurenta ne, na kuma gaya mata. Iyaye, mu ma mu rage kiran yaran nan gida don suna ko biki. Mu bar kiran don ranar da babu makawa, don in mun ce lalura ce a yarda.

Wani za shi tambaya ina Zulaihatun take. Tana gida, gindin itacen bedi, da littafi. Tun da aka dawo mata da takardarta take karatun gwajin da babu wanda ya yi mata alkawarin za a yi. Ni ke riƙe mata littafin. Ba na iya karanta ko harafi guda a ciki, sau biyu ma ta ce na riƙe shi a kife. Sai in buɗe inda na ga dama, in ce, "Shafin da ke da hoton dutse mai kama da tuwon jiya." Sai ta rufe ido ta zubo kamar mai tilawa. Ni dai na gwada ta, kuma ta ci. Amma makin da na ba ta ko ƙofar gida ba ya fita.

Ba maki muke roƙo ba. Ku ba ta rana, ku ba ta kujera, ku ba ta takarda da alƙalami. In ta faɗi, ta faɗi da hannunta, ni da kaina za ni zo in ɗauko mata jaka, kuma za ta sha tsokana har tsufa. Amma kada a ce rijiyar da ta rufta da uba ta rufta da karatun ɗiya, a garin da babu abin da muke nema kamar wanda za shi nuna mana inda ruwa yake.

Yanzu, Dakta, don girman Allah ka kwance ƙunshin.

Jama'a na baya, ga abin da ke ciki: kara ne guda tara, da tsumman da aka naɗe su. Karan ɗorin Kawu Maliki ne, waɗanda sunka kwana arba'in a ƙafarshi. Kawu, miƙe a gan ka. A kama mishi. Ga ƙafar, ga sandar. Wancan dattijo mai farin rawani da ke gefenshi shi ne maɗorin, tun asuba na ɗauko shi daga Gatawa a kan babur. Ga mai garinmu, ga liman, duk suna wurin ranar da aka fito da shi daga rami.

Doka ta ce shaida ta shiga hannun ɗan kwamiti kafin ranar zama. Na bincika, Dakta Halliru ɗan kwamitin ne. Yau Asabar. Ku duka kun ga ya karɓa, da hannu biyu ma. Dakta, ka gafarce ni, wannan ne rabin halin da na ce ban bari a gida ba. Ban ce ka yanke hukunci a nan ba, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba za ni so a ce an matsa maka a gaban iyayenka ba. Ka tafi da su kawai, ka aje su a kan teburi ranar Alhamis, kusa da takardun asibiti na sauran ɗalibai. In an tambaye ka wane irin rubutu ne wannan, kai ɗan ƙasar nan ne, ka iya karanta shi.

Na ga ya sake naɗe su ya sa cikin jaka. Alhamdu lillahi. Wannan ya ishe ni in koma in gaya mata ta ci gaba da karatu.

Allah Ya jiƙe mana ƙasa, Ya raya abin da munka shuka, Ya cika rijiyoyinmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya miƙar da ƙafar Kawu. Allah Ya buɗe wa ɗalibanmu ƙwaƙwalwa, Ya ba malamansu haƙuri da adalci, Ya saka musu da alheri. Allah Ya mai da kowa gidanshi lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don daga nan gona za ni, in gaya wa Abu an yi taro.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.